Madaci Dubu Huɗu a Hanyar Katafila

Duk wanda ya taɓa sayen ɗan itace a garin nan don ya kafa a ƙofar gida, da wuya a ce bai biya ta wajen Baba Mai Dashe ba. Lambunsa yana bayan tashar manyan motoci, a wani siririn fili tsakanin katangar tashar da magudanar ruwa. Ba wani lambu ba ne na a zo a gani. Layuka ne na baƙaƙen ledoji cike da ƙasa, kowace da ɗan tsiro a ciki, sai rumfar kwano mai ƙafa huɗu, da benci ɗaya, da rijiyar da ya haƙa da hannunsa tun yana da ƙarfi. Shekara talatin da biyu ya yi a wurin.

Asalinsa lebura ne a ma'aikatar gandun daji. Ya shiga yana saurayi, aikinsa tura baro da ban-ruwa, har wani tsohon ma'aikaci ya lura yana da hannu, ya koya masa tsirar da iri da yi wa mangwaro aure. Da aka zo rage ma'aikata, sunansa na cikin jerin farko. Ya yi wata guda a gida yana kallon rufin ɗaki, sannan ya nemi wannan fili, wanda a lokacin juji ne, ya kwashe sharar da kansa, ya fara da leda ɗari.

An san shi da wani hali mai ban haushi da ban dariya. Ba ya sayar wa mutum itace sai ya yi masa tambayoyi. Ina za a dasa? Akwai ruwa? Akwai awaki a unguwar? Wa zai riƙa ba shi ruwa in ka yi tafiya? In amsar ba ta yi masa ba, sai ya ce a je a dawo in an shirya, ko da kuwa mutum ya riga ya zaro kuɗi. Matarsa, wadda kowa yake kira Inna, takan ce, "Kai dai Malam, da za ka sayar da gwaiba sai ka ce kujerar mulki za ka miƙa." Shi kuwa yakan ce shekara biyu ya yi yana renon abu, ba zai ba wanda zai kashe shi a sati biyu ba.

'Ya'yansa maza duk sun yi nisa wajen neman abinci. Wadda ta rage kusa ita ce babbar 'yarsa, da take aure a bayan kasuwa. Mijinta direban katafila ne a wani kamfanin gina hanyoyi, dogo mai ƙarancin magana, wanda ko a gidan surukansa Direba ake ce masa.

Sai aka shiga shekarar da komai ya tsaya. Masana'antu suka rufe, gine-gine suka tsaya a linta, kuma wanda bai gama gininsa ba ai ba ya tunanin itacen ƙofar gida. Baba Mai Dashe yana da mata huɗu da suke cika masa leda da ƙasa da taki, ya sallame su ɗaya bayan ɗaya, yana ba su haƙuri kamar shi ya jawo. Kamfanin su Direba ya jera motocinsa a yadi ya sa kwaɗo. 'Yarsa ta fara zuwa gaida Inna kullum da yaranta biyu, kuma gaisuwar ba ta tashi faɗowa sai daidai lokacin da ake sauke tukunya. Inna ta ƙara ruwa a miya kawai.

Abin da ya fi damunsa a lambun shi ne madaci. Wani mai gina rukunin gidaje ya sa ya tsirar masa da guda dubu huɗu, daga baya mutumin ya ɓace, wayarsa ta daina shiga. Itatuwan suka kai ƙirjin mutum, saiwarsu ta fara huda leda tana neman ƙasa. Kullum sai ya bi layi yana ɗaga su yana datse saiwar, ya san in suka ƙara shekara a haka sun lalace.

A wannan hali ne rediyo ta fara maganar dokar farfaɗo da tattalin arziki. An ce majalisa ta amince gwamnati ta zuba maƙudan kuɗi a ayyuka don mutane su samu abin yi. An ce kundin dokar ya kai kaurin bulo, kuma cikin kwana biyu aka amince da shi. Direbobin tasha da suke zuwa shan inuwa a bencinsa suka yi ta dariya, suna cewa ko hotuna ne a ciki ba a gama kallonsu a kwana biyu. Baba Mai Dashe ma ya sa baki. Ya ce shi dai ya yi aikin gwamnati, ya san yadda ake yi, kuɗin da aka zubo da gaggawa kamar ruwan da aka kwara wa tsiro da bokiti ne, ƙasar yake kwashewa ya bar saiwa a waje.

Bayan sati uku wata farar mota ta tsaya a bakin lambun. Mutum biyu suka fito: wani darakta daga ma'aikatar muhalli, mai tabarau da fara'a, da wani ɗan kwangila wanda ƙamshin turarensa ya riga shi isowa. Suka zaga, suka tsaya a kan madacin.

"Baba, duka muke so," in ji Darakta. "Hanyar fita gari ta gabas, gefe da gefe. Kai za ka dasa, kai za ka kawo ma'aikata. Kwana ashirin."

"Ranka ya daɗe, yanzu fa zafi yake shigowa. Da za a jira ruwa ya sauka, ko wata uku ne, da babu wanda zai mutu a cikinsu."

Darakta ya yi murmushi irin na wanda ya sha jin wannan magana. "Baba, kuɗin nan ba sa jiran damina. An ba mu wa'adi. In ya cika ba mu kashe su ba, komawa za su yi, kuma baɗi a ce ba mu da bukata. Ruwa kuwa kada ka damu, an sa tanka a cikin aikin."

Baba Mai Dashe ya ce a ba shi zuwa gobe. Amma tun kafin motar ta fita layin ya san amsarsa. Washegari ya aika aka kira matan nan huɗu, ya ce kowace ta zo da wanda ta sani mai neman aiki.

Ranar hutu da la'asar Direba ya zo gidan, abin da ba ya yawan yi shi kaɗai. Ya tuɓe takalmi a bakin tabarma, ya durƙusa ya gaida surukinsa, ya ce ya zo ne ya shaida masa an kira su aiki. Kamfaninsu ya samu kwangilar faɗaɗa hanya a cikin shirin nan na farfaɗowa.

"Madalla," in ji Baba Mai Dashe. "Ka ga an tuna da mu duka. Wace hanya ce?"

Direba ya daɗe yana kallon saƙar tabarma.

"Ta gabas ce, Baba."

Inna da take tsintar shinkafa a gefe ta tsaya da hannunta a cikin tire.

"Na ga zanen a ofishin injiniya," Direba ya ci gaba, muryarsa ƙasa-ƙasa. "Taku goma sha biyu za a ci ta kowane gefe. Inda aka ce za ku dasa, nan ne tsakiyar sabon hannun titin. Wata biyu ya rage mu fara."

"Injiniyan ya san za a yi dashe a wurin?"

"Na gaya masa. Ya ce tasu ma'aikatar daban, ta itatuwa daban, kowa da shafinsa a dokar. Ya ce in ina son aikina in kula da motata."

Baba Mai Dashe ya ce ai wannan ba abin da za a yi shiru ba ne. Ya ce gobe da safe zai je ya sami Darakta. Ya faɗa da ƙarfi, har Inna ta ɗago ta dube shi.

Ya kuwa je. Ya sa rigarsa mai kyau, ya zauna a bencin baranda na ma'aikatar tun ƙarfe takwas, tsakanin wata lalatacciyar fanka da tulin tsofaffin fayil da aka ɗaure da igiya. Sai sha ɗaya aka shigar da shi. Ofishin da sanyi, da sababbin kujeru waɗanda ko ledarsu ba a cire ba. Darakta ya tashi ya ba shi hannu, ya sa aka kawo masa shayi a kofin tangaran, ya turo masa takardar aikin ya nuna masa inda zai sa hannu. Ya kuma yi masa albishir cewa shi aka zaɓa a sa hotonsa a allon shirin, don a nuna wa duniya cewa abin ya kai ga talaka.

"To Baba, akwai wata magana?"

Maganar tana bakinsa. Ya tsara ta tun a hanya, ya maimaita ta a baranda. Amma a lokacin sai ya ga matan nan da ya riga ya kira, ya ga jikokinsa a bakin murhun Inna, ya ga madacinsa yana ruɓewa a leda in aka soke aikin. Ya kuma yi tunanin in aka tambaye shi inda ya ji, sunan wa zai kira. Ya kurɓi shayin, ya ajiye kofin a hankali.

"Dama maganar tankar ruwan ce, ranka ya daɗe. Sau nawa za ta riƙa zuwa a sati?"

Da ya koma gida Inna ta tambaye shi yadda suka yi. Ya ce an yi magana. Ba ta sake tambaya ba.

Aikin dashen ya yi shi kamar yadda ya saba, wannan ma yana cikin abin da daga baya ya kasa gane wa kansa. Mutum talatin ya ɗauka. Ya hana a haƙa rami ƙasa da gwiwa. Ya sa aka cakuɗa taki da ƙasar sama, aka yi wa kowane itace gurbin ruwa, aka kafa masa sanda. Wani lebura ya yanka leda da garaje ya fasa ƙasar saiwa, Baba Mai Dashe ya yi masa faɗa har mutumin ya yi fushi. Yana faɗan yana ganin jan fentin da masu awo suka ɗiga a jikin duwatsu can bayan layin itatuwan. Leburorin sun ɗauka alamar masu wutar lantarki ce. Shi kaɗai ya san ko ta mene ce.

Ranar ƙaddamarwa aka kafa rumfuna, aka jera kujeru, wani babban mutum ya zo da jiniya ya dasa itace ɗaya da shebur ɗin da aka shafa wa ruwan gwal. Aka tsayar da Baba Mai Dashe da ɗan madaci a hannu, mai hoto ya ce ya yi dariya, ya ƙara, ya ƙara. Bayan kwana uku sai ga fuskarsa a wani ƙaton allo a mahaɗar hanyar, haƙoransa duk a waje, an rubuta a ƙasa: Farfaɗowa Ta Iso Gare Ni.

Tanka ta zo kwana tara ta daina. Duk da haka yawancin itatuwan suka kama, don madaci yana da taurin rai kuma ramin ya yi zurfi. A sati na shida suka fara fitar da sabon ganye ja-ja. A sati na bakwai motocin kamfani suka iso.

Inna ta ce kada ya je. Ya ce zai leƙa lambu ne, ya hau motar gabas. Tun daga nesa ya hango katafila uku a jere. Ta gaba ta sauke bakinta ƙasa tana tafiya a hankali, itatuwan suna kwanciya a gabanta ɗaya bayan ɗaya ba ko ƙara, da sandunansu da komai, ƙasa tana naɗe su. Da ya matso, motar ta tsaya. Direba ya sauko, ya cire hular kwano, ya rasa inda zai sa idonsa.

"Baba, don Allah ka koma gida."

"Ku ba ni kwana biyu. In kawo mutane mu tone na gaba, ko ɗari biyar ne. Za su rayu in aka tone su da ƙasarsu."

Direba ya kai shi wajen shugaban ma'aikatan, wani mai jar riga da takarda a hannu. Mutumin ya saurare shi da ladabi, sannan ya ce ba zai yiwu ba. Itatuwan yanzu kayan gwamnati ne, wanda ya tone ɗaya ba da takarda ba ya saci kayan gwamnati. Takardar kuwa sai daga ma'aikatar muhalli, su kuma nasu wa'adin ba zai jira ta ba.

"Amma turewa ba ta bukatar takarda?"

"Wannan tana cikin kwangila, Baba."

Ya koma gefe ya tsaya. A nan wata tsohuwa mai sayar da lemo da ayaba a bakin hanya ta ƙura masa ido, ta dubi allon, ta sake dubansa.

"Ba kai ne na jikin allon can ba? Sannu, bawan Allah. Ka ga ukun nan na gaban teburina? Ni nake ba su ruwa tun da tankar ta daina zuwa. Daga gida nake ɗauko shi a jarka. Na ce ko ban sha inuwarsu ba, wani ya sha." Ta girgiza kai. "Ashe kai ma cutar ka suka yi. Suka sa ka wahala a banza, ba su gaya maka ba."

Ta ɓare lemo ta miƙa masa. Ya karɓa, ya yi godiya, ya bar ta a kan abin da ta ɗauka. Yana tsaye da lemon a hannu aka ture ukun nata.

Ba a yi wata ba maganar ta fashe. Wani ɗan majalisa na ɓangaren adawa ya shiga rediyo da jerin abubuwan da aka yi da kuɗin farfaɗowa, yana karantawa ɗaya bayan ɗaya. An sayi firji ɗari biyu an kai ofisoshin da ba su da wuta. An sake fentin wata gada sau biyu a wata ɗaya, don ma'aikatu biyu kowace ta ce tata ce. An kafa kwamitin da zai binciki dalilin yawan kwamitoci. Ya ce a lokacin da ake wannan facaka, asibitin gari ba shi da auduga. Amma abin da ya fi shiga bakin mutane shi ne na itatuwa, don shi kowa ya gani da idonsa: doka ɗaya ta biya a dasa, ta kuma biya a ture.

Baba Mai Dashe yana cikin bas ranar da aka maimaita shirin. Motar ta kaure da surutu. Wani ya ce wannan ba sata ba ce, hauka ce, don ɓarawo ma yana da abin da yake so. Wata mata ta ce ita tsohon jikin allon take tausayi. Wani matashi a baya ya ce wane tausayi, ba ki ga yadda ya washe baki ba, ai ya ci nasa. Aka yi dariya. Na kusa da shi ya taɓa shi ya ce, "Ko ya ka gani, Baba?" Ya jawo hularsa ta rufe goshi, ya ce Allah ya kyauta. Ya sauka tun tasha biyu kafin tasa, ya ƙarasa da ƙafa.

Direbobin tasha suka sa masa sabon suna, Baba Farfaɗowa. Ba da mugunta suke yi ba, wasa ne irin na waɗanda aka saba, amma ya daina zama a bencin in suna nan. In aka kunna rediyo ana zagin gwamnati, shi da a da yake kan gaba, sai ya ɗauki butar ban-ruwa ya yi ƙarshen lambu. Tambayoyin da yake yi wa masu saye ma ya bari. Wata mata ta zo sayen mangwaro, ta tsaya tana jira, ta ce mahaifiyarta ta gaya mata sai ta ci jarrabawa kafin a sayar mata. Ya ce ta ɗauka kawai, Allah ya raya.

A gida kuwa an ga amfanin aikin, wannan ba a musu. An canza kwanon ɗakin da yake yoyo, an gyara keken ɗinkin Inna, 'yarsa ta koma dafa nata a gidanta. Inna ta gaji da ganin yana tura abinci gefe.

"Malam, kai ka rubuta dokar nan? Kai ka zana hanyar? Mutum talatin suka ci abinci ta dalilinka. Waɗanda suka kwashi na gaske suna can suna barci da minshari, kai da ka yi aiki da guminka ka hana kanka sakat."

"Ban ce wa Darakta komai ba, Inna. Ranar nan da na je. Shayi na sha na dawo."

"Na sani," in ji ta. "Tun da ka shigo na gani a fuskarka. Da ka faɗa ma me zai canza?"

"Wataƙila babu. Amma da na faɗa."

Tsakaninsa da Direba sai gaisuwa daga nesa. Kowa yana jin nauyin ɗan'uwansa, har 'yarsa ta zo ta same shi a lambu ta ce mijinta ya rame, yana ganin Baba yana fushi da shi. Ya ce ta gaya masa babu komai. Ya kasa ce mata ba fushi ba ne, ganin Direba ne yake tuna masa akwai wanda ya san ya sani.

Da surutu ya yi yawa, majalisa ta kafa kwamitin bincike, aka aiko masa da takardar gayyata. Zauren yana da dogon tebur mai lanƙwasa, da makirufo a gaban kowa, da ruwan roba a jere. Darakta ya riga shi ba da shaida. Ya rantse bai san da maganar faɗaɗa hanya ba sai da ya ga motoci, ya ce babu wanda ya taɓa sanar da shi, ko a rubuce ko da baki. Baba Mai Dashe ya dube shi sosai, ya kasa gane ko gaskiya yake faɗa. In gaskiya ce, to kalma ɗaya a ofishin nan da ta isa.

Ɗan majalisar nan na rediyo shi ya yi masa tambayoyi. Ya gabatar da shi da murya mai taushi, ya ce ga dattijo, talaka mai neman halalinsa, wanda aka yi amfani da fuskarsa aka yaudare shi. Masu kyamara suka juyo.

"Baba, gaya wa kwamiti yadda ka ji ranar da ka gano za a ture itatuwanka."

"Ranka ya daɗe, tun kafin in dasa na sani."

Ɗan majalisar ya duba takardarsa kamar an canza masa ita.

"Wato kana nufin ka yi zargi."

"A'a, na sani. Na san taku nawa za a ci. Na je in faɗa, ban faɗa ba, na sa hannu. Ina bukatar aikin."

Wani daga ɓangaren gwamnati ya yi saurin jawo makirufo, ya tambaye shi wa ya gaya masa. Baba Mai Dashe ya ce a gari ya ji. Ya zo da niyyar faɗin gaskiya tsantsa, sai ga shi ya ƙara wata ƙaryar a gaban rantsuwa, kuma ya san ko sau goma aka sake tambayarsa haka zai ce.

Shugaban kwamiti ya gode masa ya kira na gaba. Babu ɓangaren da maganarsa ta yi wa amfani. 'Yan adawa wanda aka zalunta suke nema, na gwamnati kuma wanda ya amfana yake godiya. A labaran yamma aka nuna Darakta da ɗan majalisa, shi ko inuwarsa ba a nuna ba. Da rahoton ya fito bayan wata biyar, wani malamin makaranta ya karanta masa wurin da ya shafe shi. Layi biyu ne, an ce an samu ƙarancin tuntuɓar juna tsakanin ma'aikatu. Aka mayar da Darakta wata ma'aikatar.

Hanya ta kammala, mai kyau kuwa, hannu biyu. Sai aka ga ba ta da inuwa, aka ware kuɗin dashe. Ɗan kwangilar nan mai turare ya sake zuwa lambun neman itatuwa. Baba Mai Dashe ya ce ba shi da su, kuma gaskiya ne, don madaci ba ya kai girman dashe a shekara ɗaya. Mutane suka yi ta yabonsa, wai ya ƙi kuɗin gwamnati. Duk wanda ya faɗa a gabansa yakan gyara masa, ya ce ba ƙi ya yi ba, babu ce, kuma bai san abin da zai ce ba da akwai.

Da kuɗin shirin suka ƙare, kamfanin su Direba ya sake sa kwaɗo a yadi. Wata safiya Baba Mai Dashe ya iso lambu ya tarar da shi tsaye a bakin rijiya, da tsofaffin kaya a jikinsa. Bayan gaisuwa ya ce ko akwai abin da zai taya da shi, zaman gida ya ishe shi. Baba ya nuna masa baro da tulin taki.

Sun fi wata suna aiki tare ba wanda ya ɗauko zancen. Direba ya koyi cika leda, ya koyi datse saiwa, hannunsa da ya saba da ƙarfe ya yi ta karya tsiro kafin ya yi laushi. Ran nan suna zaune a rumfa da rana tsaka suna jiran zafi ya sauka, sai ya ce, ba tare da ya ɗago ba:

"Baba, da ban zo na gaya maka ba, da ka huta. Kullum sai na yi wannan tunanin."

Baba Mai Dashe ya juyo ya dube shi.

"Da na huta," ya ce. "Da yanzu ina kan bencin can ina zaginsu da cikakken baki, kowa yana ba ni gaskiya. Kai ka yi abin da ya kamata, ka zo ka faɗa wa wanda kake ganin zai iya magana. Daga nan ne abin ya tsaya, a wajena. Kada ka ƙara ɗaukar wannan, ba kayanka ba ne."

Direba ya ce to. Suka ƙara zama kaɗan, sannan Baba ya ce layin lemon tsami na can ƙarshe bai sha ruwa ba tun jiya, Direba ya tashi ya nufi rijiya.

Yanzu ƙafa ta fara ba Baba Mai Dashe matsala, sai ya yi kwana biyu bai zo lambun ba. Direba ne yake buɗewa yake rufewa, matan nan huɗu suna nan, an ma ƙara ta biyar. In kamfani ya sake kira, Direba ya ce zai duba ya gani.